Ranar da Na Lulluɓe Tafki da Bargo

Tun da na dawo daga Amerika bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo sayen ƙanƙara sai ta ajiye kularta ta jawo kujera, wai in ba ta labari. Na faɗa, na sake faɗa, har labarin ya fara yawo ba da ni ba. Shekaranjiya a gidan suna na ji wata tana rantsuwa cewa 'yan sanda sun kama ni a can ina satar ƙanƙarar gwamnati. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta, a bar ni in yi sana'ata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mariyama, a Maradi nake zaune, kuma shekara goma sha shida ke nan ina sayar da ƙanƙara. Firiza biyu gare ni a zaure. Ba yabon kai ba, na san halin ƙanƙara. In wuta ta ɗauke, na san yadda zan binne ta a garin katako, in naɗe da buhun algarara, ta kwana biyu ba ta yi hawaye ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Abin da ya kai ni, ɗiyata Ramatu ce. Tana aure a wani gari da ake kira Greensboro, cikinta na fari ya tsufa, ba kowa nata a kusa, sai aka ce in je in yi mata jego. Kafin in tashi na tafi Madarumfa sallama da mahaifina. Baba masunci ne, a tafkin garin ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa. Shekara biyu kafin nan ya faɗa ruwa daga kwalekwale, da ƙyar aka ciro shi, yayyena suka taru suka hana shi fita kamun kifi. Bai yi musu gardama ba. Ya dai sa aka ajiye masa kujera a gindin gawon ƙofar gida, ya ba tafkin baya, kuma tun ranar ba wanda ya sake ganin ya waiwaya. Magana ma sai ta kama dole.

Ranar sallamar kowa ya ba ni saƙo. Wannan agogo, wannan takalmi, wata man zafi, wani ma wai in nemo masa aiki. Baba ne kaɗai bai ba ni saƙo ba. Sai da na durƙusa zan tafi ya ce Ramatu ta gaya masa a waya wai tafkinsu na can yana daskarewa har tsuntsu ya yi tafiya a kai.

"Shekara saba'in ina cikin ruwa," in ji shi, "ban taɓa ganin tabki ya yi ƙarhi ba. In gaskiya ne, ki ɗauko mini hotonshi. Ba irin na kalanda ba. Wanda kika ɗauka da hannunki."

Tun da na yi wayo Baba bai taɓa roƙona ko allura ba. Na ce masa in Allah ya yarda zai gani. Da na koma Maradi na je wurin maƙwabcinmu Isuhu mai hoto, ya ara mini wata 'yar kyamara, ya sa mata fim mai ɗauka ashirin da huɗu. Ya ce in sa rana a bayana, in riƙe numfashi in zan danna, kuma don girman Allah in janye yatsana daga gaban gilashin. Na ce masa ni ba yarinya ba ce.

Hanyar Yamai ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ta, kun san yadda bas ke mayar da ƙugun mutum. Jirgi ne baƙona. Daga Yamai muka sauka Kazablanka, daga nan muka kama doguwar tafiya bisa teku. An zaunar da ni kusa da wata tsohuwa 'yar Senegal, ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, faransancinmu kuwa duka biyu na kasuwa ne. Ita ta ɗaura mini bel, ni na buɗe mata abincin da aka rufe da leda kamar magani. Muka ɗanɗana, muka dubi juna, muka mayar da murfi. Ta ciro goro ta raba biyu, na ciro dabino. Da haka muka ƙetare tekun, kuma har yau ina sa ta a addu'a ko da ban san sunanta ba.

A New York ne aka so a ba ni kunya. Wani ɗan kwastan, ƙato, ja kamar an gasa shi, ya buɗe jakata. Ya wuce kuka, ya wuce kuɓewa, ya toshe hanci ya wuce daddawa. Da ya kai ga ƙullin kanwa sai ya tsaya, ya kira wani, wanin ya kira wata. Suka kewaye farin dutsen nan suna juya shi da safar hannu. Na yi bayani da Hausa, na yi da hannu, na kwatanta mai jego tana shan kunu, ba wanda ya gane. Da na ga abin zai yi tsawo na ɓalli kaɗan na jefa a baki na tsotsa ina kallonsu. Suka zuba mini ido suna jiran in faɗi. Da ban faɗi ba, aka nemo wani ma'aikaci ɗan Mali ya yi musu bayani, suka mayar mini da kayana har da ba da haƙuri. Kilishin da na ɓoye a cikin zane ne dai bai tsira ba.

A filin jirgin Greensboro mijin Ramatu ya tarbe ni. Sunansa Lawali, kuma a takarda ne kawai na iya faɗa. Ku da kuka san gidanmu kun san yadda muke da surukai: ba a haɗa ido, ba a ci a gaban juna, ba a kama suna. Yaron nan, a tsakiyar Turawa masu jan akwati, ya cire hula ya durƙusa har ƙasa. Ni kuma na kau da kai ina amsa wa bango gaisuwa. Ya zo mini da wata rigar sanyi mai kauri kamar katifa, amma ya rasa yadda zai miƙo mini, sai ya ɗora ta a kan akwatina ya yi gaba. Na ce a raina me zan yi da wannan, ai na san sanyi. Ƙofa na buɗewa iska ta mare ni, na sa rigar ban ko nemi hannunta ba.

A hanya na ga abin da ya sosa mini rai. Ƙanƙara ce tuli-tuli a bakin titi, an ture ta gefe da mota kamar shara, ta yi baƙi da hayaƙi. Na tuna yadda mutane ke layi a ƙofata da azumi, ana faɗa a kan ƙulli ɗaya. A nan ga ta a zube, kare ma ba ya kallonta.

Gidansu yana bayan wani dogon titi da ake kira High Point Road, inda shagunan 'yan Afirka da na Larabawa da wuraren sayar da mota suke jere. Bene ne, ɗaki biyu da falo, ba zaure, ba tsakar gida. Wanda ya gina gidan nan bai taɓa yin suruki ba. Hanya ɗaya ce zuwa banɗaki, hanya ɗaya zuwa kicin. Kafin ya fito daga ɗaki sai ya yi gyaran murya, ni kuma in shige nawa. In dole ta haɗa mu a falo, Ramatu ce waya. Ya ce mata, a tambayi Inna ko ta kwana lafiya. In ce mata, a ce masa lafiya lau. Ita kuma tana zaune tsakaninmu da tulun cikinta tana cewa ai duk kun ji juna, ku bar ni in huta. Yana aiki a wani kamfanin kujeru da gadaje daga ƙarfe uku na rana, don haka da yamma nakan samu in miƙe ƙafa.

Kwanana biyar da zuwa ta haihu, mace, aka yi mini takwara. Jego a can ba wuya kuma ba daɗi. Ba itace, ba tukunya, ka murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, amma ba ya kai zafin da nake so, sai na ƙara da na murhu. Rana ta uku na ce bari in turara ɗakin mai jego. Garwashi bai gama kamawa ba wata na'ura a silin ta fasa ihu kamar an yanka akuya. Jaririya ta ɗauka, Ramatu ta ɗauka, ni ina tsaye da kasko ina salati. Sai ga wata mata gajera ta turo ƙofa, ta hau kujera, ta yi ta kaɗa wa na'urar tawul har ta yi shiru. Ta sauko ta ce, "Mma, sannu da zuwa Amerika. A nan silin ma ɗan sanda ne."

Ita ce Anti Hawa, maƙwabciyarsu, Bahaushiyar zangon Kumasi, tana aikin gyaran ɗakuna a wani otal. Daga ranar muka ƙulla. Ita ta koya mini cin shinkafa da wake irin nasu da wani baƙin yaji mai kifi, ni na koya mata kunun kanwa. Matar nan ba ta san ɓoye-ɓoye ba. Abin da ke ranta shi ke bakinta.

To, maganar tafki fa. Tun makon farko na gaya wa Ramatu saƙon kakanta, ta ce za ta gaya wa mijinta. Na jira. Haihuwa ta zo, na jira. Aka yi suna, ba ranar bakwai ba, sai Asabar da kowa ya samu hutu. Maza suka je wata gona a McLeansville suka yanka rago, mata suka cika wani zaure da aka kama haya, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Najeriya, ka yi wa yaro Hausa ya amsa maka da Turanci. A wurin ne wata ta hango kyamarar a jakata ta ce in ara mata. Na ce guda biyu kawai, don fim ɗin na Baba ne. Ta ce to. Hidima ta ɗauke mini hankali, da yamma na tarar an mayar mini da ita cikin jaka, ban ko duba ba.

Ni kuwa ina da ma'aunina. Kullum nakan ajiye kwanon ruwa a baranda, in duba da safe. Makon farko sai in kife kwanon, ƙanƙara ta faɗo guda. Mako na biyu ta zama ɓawo, in taɓa da yatsa ta fashe. Wata safiya na tarar da ruwa tsagwaronsa, har wani tsuntsu yana sha. Na sake yi wa Ramatu magana, amma yarinyar da ba ta samun barci, ko sunanta ka tambaya sai ta yi tunani. Shi kuma ga shi yana wucewa ta gabana kullum, kalma biyar ta isa, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ji haushin kaina ƙwarai. Na ƙetare teku, na sha kanwa a gaban Turawa, amma na kasa ce wa yaron da na ba ɗiya ya kai ni bakin ruwa.

Ranar da kwano ya kwana uku bai daskare ba, Anti Hawa ta same ni a baranda na yi tagumi. Na gaya mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta fita ta tare Lawali a matakala, ina jin ta daga ciki. Ashe saƙon rabi ya isa gare shi. Ramatu ta ce masa Inna tana son ganin tafki, shi kuma ya ce a ransa ba zai fitar da tsohuwa cikin wannan sanyi ba, bari gari ya yi ɗumi tukuna. Wato ni ina roƙon Allah sanyi ya daɗe, shi yana roƙon ya wuce, duk don a kyautata wa juna.

Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce wa Ramatu a ba Inna haƙuri, a ce ta shirya yanzu. Ya ce masu faɗin yanayi a talabijin sun ce daga gobe zafi zai ƙaru, in akwai sauran ƙanƙara to yau ce. Ramatu ba ta yi arba'in ba, ba ta fita. Anti Hawa kuma aiki ya kira ta. Haka muka shiga mota mu biyu, shi a gaba, ni a can ƙuryar baya. Tafiyar kusan rabin awa, ta cikin gonaki da gidaje ɗai-ɗai, yana yi wa sitiyari magana ina amsa wa taga.

"Ko an ji sanyi, a ƙara hita?"

"An gode. Ya isa haka."

Tafkin ya fi na Madarumfa tsawo, itatuwa sun kewaye shi, ga wasu manyan agwagi suna iyo. Ruwa ne ko'ina, yana motsi abinsa. Muka bi gaɓa, shi a gaba da taki goma, muna leƙa kowane lungu. Nan ka ga ɗan ɓalli kamar faranti, kafin ka matsa ya rabu. Can sai ya tsaya, ya nuna da hannu bai juyo ba. Wani loko ne da ruwa ya shiga ƙarƙashin itatuwan nan masu ganye kamar allura, inda rana ba ta sauka sai ta karkata. A nan ta ɓuya. Faɗinta ya kai tabarma biyu, ta kama gindin kacalla, ciyawar nan ta bakin ruwa, ta riƙe. Wajen gaɓa fara ce sol, wajen ruwa kuwa garau, kana ganin ganyaye da kumfa a tsaye a cikinta, kowanne inda sanyi ya same shi. Na durƙusa na ƙwanƙwasa, ta amsa. Shekara goma sha shida ina yin ƙanƙara da wuta da leda, ga wadda ba hannun kowa a cikinta. Sai da na yi hamdala.

Na ciro kyamara, na sa rana a bayana, na riƙe numfashi, na danna. Maimakon ƙyas, sai ta kama gurnani, ta yi ta yi, sannan ta yi shiru. Lawali ya karɓa ya duba, ya ce wa ƙasa fim ya ƙare. Matan suna sun cinye ashirin da huɗun nan tas.

Ba zan ɓoye muku ba, hawaye ya zo mini. Ƙarfe biyu ta wuce, shago yana da nisa, ana rufe ƙofar shiga wurin tafkin da faɗuwar rana, shi kuma uku zai shiga aiki. Ya ce zai bar aikin yau. Na ƙi, don duk hutunsa ya ƙare a haihuwa, ba zan zo jego in jawo a kori mai gida ba. Rana kuwa ta fara leƙowa ta cikin rassa, gefen ƙanƙarar ya soma sheƙi. Na san wannan sheƙin. Shi nake gani a firiza in wuta ta yi awa shida ba ta dawo ba.

Da na tuna haka sai na daina kallonta kamar abin mamaki, na kalle ta kamar kaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Lawali, me ke cikin but ɗin motarka?"

Ya tsaya cak kamar an jefe shi. Ni ma na ji sunan ya fita, amma ba lokacin kunya ba ne. Ya ce akwai kwalaye, da buhun shinkafa biyu wofi, da wani tsohon bargo da suke naɗe kujeru da shi a wurin aiki. Na ce ya kwaso duka, da gudu. Garin katako babu, amma busasshen ganyen alluran nan ya rufe ƙasa, na taɓa na ji ba shi da laima. Na cire mayafi na yi ta tarawa a ciki. Muka barbaza shi a kan ƙanƙarar da kauri, muka shimfiɗa kwalaye, muka bi da buhu, muka rufe da bargo. Wajen gaɓa na danne da duwatsu, wajen ruwa ya tura da dogon reshe, garin haka ƙafarsa ɗaya ta zurma har gwiwa. Ina ba da umarni, yana cewa to Inna, kamar mun shekara muna aiki tare.

Duk abin nan akwai mai kallonmu. Wani tsoho ne baƙar fata, ɗan ƙasar, yana zaune a kan bokiti yana fatsa. Da ya kasa haƙuri ya taso ya tambayi abin da muke binnewa. Lawali ya yi masa bayani. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, ya ce ya ga mai lulluɓe tumatir don sanyi, bai taɓa ganin mai lulluɓe sanyin kansa ba. Amma da ya ji don wa ake yi, cewa masunci ne a wata ƙasa da bai taɓa ganin tafki ya daskare ba, sai ya daina dariya, ya je ya ɗauko dutse ya ƙara mana. Ya ce shi ma ɗiyarsa ɓoye masa makullin mota take yi in gari ya yi sanyi, shi kuma ya san duk maɓoyarta. Na ce Lawali ya tambaye shi, in ruwa ya rufe haka, ina kifi ke zuwa. Ya ce suna sauka can ƙasa inda ruwa bai daskare ba, su rage motsi, su rage ci, su zauna da ransu har sama ta buɗe.

Washegari gari ya waye da ɗumi, har mutane na fita ba hula. Muka tsaya a wani kantin magani ya sayo fim, muka kama hanya. A mota mun koma gidan jiya, an kwana lafiya, an gode. Da muka isa, duk 'yan ɓallin da muka gani jiya babu ko ɗaya. A bakin lokon kuwa ga tsohon nan a kan bokitinsa, ga wani ma'aikacin wurin da kaki da jakar shara a hannu. Ashe tun da aka buɗe ƙofa ma'aikacin ya zo zai kwashe tarkacenmu, tsohon ya tsare shi da magana ya ce a jira mai kaya. Wannan shi ne ɗan sandan da ake cewa ya kama ni. Mutumin ko muryarsa bai ɗaga ba, ya dai harɗe hannu yana jira ya ga ƙarshen haukan.

Na yi bismilla na janye bargo, na ɗaga kwalayen da suka jiƙe, na share ganyen da tafin hannu. Tana nan. Ta rage, ba ta fi darduma ba, gefenta ya cinye, amma tana nan da ƙarfinta. Ma'aikacin ya sunkuya ya taɓa, ya girgiza kai, ya faɗi wata magana da Lawali ya ce mini yabo ne. Ya ce mu ɗauki hotonmu, amma ko tsinke kada mu bari.

Na san Baba. In na kai masa hoton farin abu a bakin ruwa, cewa zai yi gishiri ne ko kumfar sabulu. Don haka na nemi dutse kamar dunƙulen hannu, na ɗora shi a hankali a kan wurin da yake garau, inda ake hango ruwa da ciyawa a ƙasa. Ya zauna daram. Na ja baya, na sa rana a bayana, na yi ta dannawa. Na ɗauka a tsaye, na ɗauka a durƙushe, na ɗauki gindin kacallar, na ɗauki ganyen da ya maƙale a ciki. Ban tashi ba sai da kyamarar ta sake gurnaninta. Muna cikin kwashe kwalaye muka ji ɗan ƙara, muka waiwaya, dutsen ya nutse.

A can awa guda ake wanke hoto. Cikin ashirin da huɗu, tara yatsana ne, Isuhu ya yi gaskiya. Wasu sun yi fari fat. Uku ne suka fito, kuma ɗaya a ciki ya fi: ga dutse zaune a kan ruwa, ga kacalla, can a gefe ga takalmin tsohon da sandar fatsarsa. Na sa shi a cikin fasfo, don na san ko me zan yar ba zan yar da wannan ba. Fim ɗin suna ma an wanke, mata ne reras kowace ta karkata ɗankwali, ko jaririyar ba su ɗauka ba.

Sauran kwanakin na yi su cikin kwanciyar rai. Ramatu ta yi arba'in ta murmure, takwarata ta yi kumatu, Anti Hawa ta cika mini jaka da baƙin yajinta. A filin jirgi Lawali ya sake durƙusawa, na sake kallon bango. Ban ƙara kama sunansa ba, kuma ba zan ƙara ba. Amma na ce wa bangon Allah ya yi masa albarka, na kuwa faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Kwana biyu da saukata na tafi Madarumfa. Na raba wa kowa tsarabarsa, sannan na je gindin gawo. Baba yana nan yadda na bar shi, bayansa ga tafki. Na gaishe shi, na ba shi labarin jikarsa da ɗiyarta, sannan na miƙa masa hoton. Idonsa ya yi rauni, sai da ya kai shi dab da hanci. Ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya taɓa dutsen, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa. Ya tambayi ko ni na ɗauka, na ce ni ce. Ya tambayi mai takalmin, na ce wani tsohon masunci ne na can, sa'ansa.

"To kihin hwa?" in ji Baba. "Mutuwa su kai?"

Na gaya masa abin da tsohon ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Suna sauka ƙasa, su rage motsi, su zauna da ransu har sama ta buɗe.

Can ya sa hoton a aljihun gaba inda yake ajiye goro, ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye.

"Mariyama, juya mini kujerar ga."

Na ɗaga ta na juya. Ya zauna, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muna kallon masu kwalekwale suna jan taru har aka kira la'asar.